Kukan da Na Yi wa Naman da Ba na Kawuna Ba

Ko me zan manta a rayuwar aiki, ba zan manta da wata safiyar Laraba a wani asibiti na Khartoum ba, wata huɗu kacal da fara aikina a ɗakin gwaji. Aikinmu rina nama ne. Likita ya ɗebo ɗan nama daga jikin majiyyaci, mu daskarar da shi cikin kakin kyandir, mu yanka siriri fiye da ɓawon albasa, mu ɗora a gilashi. Akwai rini na musamman mai neman furotin guda: in yana nan, wurin ya koma ruwan ƙasa, in babu, ya tsaya shuɗi-shuɗi. (A lokacin ji nake kamar ni na ƙirƙiro ilimin nan. Ko a raksha, wato a-daidaita-sahu, farar rigata na kan kafaɗa, don mutanen unguwarmu Umbadda su shaida.)

Ranar sai ga samfur da sunan da na sani: Kawu Ilyasu, ƙanin mahaifiyata. Ya yi shekaru yana rufin gidaje da kwanon asbestos, ga shi ruwa ya taru masa a ƙirji. Likitoci na tsoron mesothelioma, wato kansar tantanin da ke lulluɓe huhu, wadda ƙurar asbestos ke jawowa, kuma muguwa ce. Aka ce a yi rinin calretinin, furotin da ƙwayoyinta ke ɗauke da shi.

Da hannuna na yi rinin. A nan aikina ya tsaya, don karanta gilashi na Daktora ne, dattijuwar da ke shugabantar sashenmu. Amma zuciyata ta ƙi haƙuri, na saci jiki na leƙa maikroskop. Ruwan ƙasa ko'ina, kamar an kifar da kofi!

Ban san lokacin da na faɗa ofishin Daktora ba. Tana tsakiyar koyar da ɗalibai shida.

"Daktora, mesothelioma ce," na ce. "Kawuna ne. Shi ya kai ni makaranta ranar farko." Sai kuka, mai majina. Kuma don kada a ce ban san aiki ba, cikin shessheƙa na shiga yi wa ɗaliban bayanin yadda rinin ya kama.

Ta karɓi gilashin. Ko maikroskop ba ta taɓa ba, ɗaga shi kawai ta yi wajen taga.

"Ya waladi, ɗana, nama nawa ne a nan?"

"Biyu."

"Wanne ka duba?"

"Na sama."

"Wa ya ɗora na saman?"

Sai a lokacin na tuna. Ni na ɗora shi. A kowane gilashi muna haɗa ɗan nama daga wani tsohon samfur da aka riga aka tabbatar kansa ce, don a gane rinin na aiki. Shi na zauna na yi wa makoki.

"Wannan yana kabad ɗinmu tun kana sakandare," in ji ta. "Amma mabruk, ina taya ka murna, rininka ya kama sosai."

Ɗalibai suka tuntsure. Wata ta miƙo min hankici tana kawar da kai.

Daktora ta zaunar da ni, ta ce ko na Kawu ne ya yi ruwan ƙasa, rini ɗaya ba ya yanke hukunci, don lafiyayyen tantani ma yana kama shi, sai an haɗa da wasu. Sannan ta sa naman ƙasa, na Kawu, a maikroskop, ta nuna min wasu dunƙule-dunƙule. Ta ce wannan ya fi kama da tarin fuka. Gwaji na gaba ya tabbatar da haka.

"Alhamdu lillahi, tarin fuka!" na ɗaga murya, har wani mai wucewa ya leƙo ya ga wane mahaukaci ne ke murnar ciwo.

Kawu ya sha magani wata shida ya warke sarai. Ni da bakina na ba mahaifiyata labarin, wannan kuwa shi ne kuskurena na biyu. Yanzu duk taron biki Kawu sai ya kamo hannuna ya ce wa jama'a, "Ga ɗana mai tausayi, har baƙo yake wa kuka."

Tun daga ranar, kafin in ce uffan a kan gilashi, sai na ƙirga naman da ke kai. Hawaye kuma sai Daktora ta sa hannu.