Rasuwar Takardar Dakon Wuski ta Lachlan Geddes

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Lachlan Geddes, direban tanka a garin Keith, nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar takardar izinina ta dakon barasa. Ta cika ranar Talatar makon jiya a kan teburin hukuma a Elgin, bayan shekara ashirin da shida a hannuna. Ita ce cina, ita ce shana. Shekarata hamsin da tara, kuma ban iya wata sana'a ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ruwanta da hayaniya. Cikin ledarta take kwana a aljihun ƙofar mota, sanyi da zafi. Duk muryarta ba ta wuce "ƙwas" in na warware ta a bakin rumbu ba, sai "dum" na hatimin mai gadi, ƙofa ta buɗe. Da ita na yi ta jigilar wuski daga gidajen dahuwar barasa na bakin kogin Spey zuwa rumbunan kudu, ɗigo ɗaya bai taɓa yin ciwon kai ba. Ko sansana bakin tankar ban taɓa yi ba, Allah ne shaidata.

Ciwon ajali ya kama ta a ranin nan da aka yi mako bakwai ba ruwa. Idon ruwan gonar maƙwabcina Dod Cruickshank ya ƙafe, shanunsa arba'in suna ta kuka a kan tudu. Ya tare ni ina dawowa ba kaya, ya ce, "Lachie, kana yawo da ƙatuwar randa wayam, shanuna suna mutuwa? Imanin naka na ranar Lahadi ne kawai?"

To, tankar barasa ko wayam take, hatimin dalmar da ke bakinta ba mai yanke shi sai ma'aikacin rumbu. Na sani sarai. Na sa filaya na yanke, na ɗebo ruwan kogi sawu uku. Shanu suka sha har da ɗan guntun abin da ya rage a ƙasan tankar, suka wuni suna tangaɗi suna lasar juna.

Da a nan abin ya tsaya, na rantse da yau marigayiya tana raye. Amma ubana ya raine ni a kan cewa direban kirki ba ya tayar da mota bai rubuta a littafin tafiya ba. Sai na zauna, da hannun nan nawa, na rubuta: "Ruwa, shanun Dod, sawu uku." Har da ƙarfe nawa na tashi. Kai, Lachlan! Wa ya aike ka?

Sufeton da ta zo duba littafi a watan Satumba ta karanta layin sau biyu, ta cire tabarau. Ta ce, "Haba Mista Geddes, da ba ka rubuta ba ta ina zan sani? Yanzu kuwa na gani, ba yadda zan yi." Na yi magiya, na ɗaukaka ƙara, Dod ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya je ya ba da shaida. Wata biyu ana jinya. Daga ƙarshe aka ɗora mata jan hatimi a tsakiyar fuska, ina tsaye ina kallo.

Ta rasu ta bar tanka ɗaya da ba ta da ikon ɗaukar ko kwalba, da alluna biyu masu launin ruwan lemo na gargaɗin gobara, da shanu arba'in cikin ƙoshin lafiya waɗanda ko gaisuwa ba su aiko ba. Ta bar Dod, wanda yanzu in ya hango ni sai ya tsallaka titi don kunya. Hanyata kuwa an ba wani direban garin Huntly tun gawa ba ta huce ba. Gidan dahuwa shida na buga wa waya, kowa amsarsa ɗaya: "Kawo takarda, Lachie."

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe goma na safe a gidan waya na Keith, domin hukuma ta ce a mayar mata da gawa cikin ambulan kafin kwana goma su cika. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake da aikin tuƙi, ko na dankali ne, ko na kashin shanu, don Allah ya zo da shi.

Zaman makoki a gida ne, in Ishbel ta yarda. Ishbel, matata, na san ke kike fara buɗe jaridar nan. Na ce miki mun yi nasara a Elgin. Ƙarya na yi. Tun ranar kina tashi da asuba kina haɗa mini burodi da shayi, ni kuma ina kai tankar bayan tsohon gidan katako in zauna har yamma. Na buɗe baki ya fi sau ashirin, maganar ta ƙi fita. Yau ban tafi ko'ina ba, ina cikin mota a ƙofar gida. In kin gama karantawa, ki leƙo.