Ranar da Na Ɗaure Bindigar Bature

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka tara mu gwajin bindiga a bayan garin Wurno ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin Rabah ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, ina kofur a cikin 'yan dokan En'e, da jar dara da gajeren wando da kulki, ina tafiya ina buɗa hannuwa kamar ni na haƙa gulbin Rima. (Matsoraci idan ya samu kaki, sai dai Allah ya shirye shi.)

A lokacin, kowace gunduma ƙaramar bindiga ɗaya gare ta, irin wadda ake ce wa libarba, kuma saje ne kaɗai ke rataya ta, saboda ɓarayin shanu da rakiyar fursuna zuwa Sakkwato. Tamu ta Rabah ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Wata rana muna bin sawun ɓarayi a wajen Gandi, sajenmu, Saje Bawa, ya ɗaga ta sama don ya tsorata su, sai ta fashe a hannunsa. Ina tsaye dab da shi. Na ga abin da ta yi wa yatsunsa, kuma tun daga ranar ko murfin tukunya aka saki a bayana sai na zabura. Ban gaya wa kowa ba. Ƙara buɗa hannuwa ma na yi.

Saje Bawa ya ajiye aiki ya koma gonarsa. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa za a janye tsofaffin bindigogin Wurno da Rabah da Goronyo gaba ɗaya. Baturen 'yan sanda zai zo da sababbi iri biyu, a gwada su a gaban hakimai, a zaɓi iri ɗaya a raba. Wurno da Goronyo suna da sajensu, mu ne muke da gurbi. Aka ce Rabah ta aiko mutum guda: idan ya nuna ya iya riƙe bindiga, shi ne saje, idan ya kasa, za a turo mana baƙo daga Sakkwato.

Hakiminmu ya sa aka kira ni. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma tun ina yaro yake yi mini kallon mutumin kirki, ban san dalili ba.

Ya ce, "Kofur, kai niz zaɓa. Ban son a kawo muna baƙon da bai san gidan kowa ba, shi riƙa ɗaure ɗiyan mutane kan abin da bai kai ya kawo ba. Kak ka ba ni kunya gaban Nasara."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in Allah ya so ba a jin kunya."

Bakina ne kawai ya faɗi haka. Igiyar sajen nan ina son ta kamar in mutu, amma yatsuna ma ina son su, kuma na kasa gane yadda zan sami ɗaya ba tare da na rasa ɗaya ba.

Da abin ya ishe ni, ranar kasuwar Gandi na hau keke na tafi wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata. Maharbi ne, ya tsufa da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa, kuma babu abin da bai da maganinsa, daga kunama har zuwa alƙali. Ban ce masa tsoro nake ji ba, cewa na yi ina neman tsari. Ya ce shi daman ya san abin da ya sami Saje Bawa, fita ya yi babu shiri, ƙarfe kuwa ba ya kunyar wanda bai shirya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani guru baƙi ƙirin, kauri kamar damtsena, da kambu na ɗaurawa a hannu, da wani ƙahon gada mai ɗinkin jar fata.

Ya ce, "Wanga guru, in shina jikinka, bindiga ba ta tashi gabanka. Ko ta Nasara ta. Amma ka jiya da kyau: bindigad da anka ɗaure ba a matsa mata. In ka matsa, baya takan ci."

(A nan ne mai hankali zai ce, to Kawu, ai ni ne zan yi harbin. Ni kam godiya na yi, har da durƙusawa.)

Kafin ranar ta zo, dangi sun ji labari, kowa ya kawo tasa gudummawar. Gwaggo ta aiko laya, surukina ya aiko laya, har wani maƙwabcina da ba mu cika gaisawa ba ya kawo tasa. Ban mayar da ko ɗaya ba. Na jera su duka a jikina, na sa taguwar kaki a kai, na ɗaure da bel da ƙyar. Matata ta dube ni ta ce na yi ƙiba, na ce kwanciyar hankali ce.

Muka isa Wurno da hantsi, ni da hakimi da 'yan rakiyarsa. An shirya wurin a gindin wani tudu, an jera tsofaffin tukwane a kan suri don a harba. Lokacin cirar albasa ne, amma mutane sun bar fadama sun cika wurin, don ba kullum ake ganin ɗan doka da bindiga ba. Hakimai suna zaune a inuwar tsamiya. Rana ta fara zafi, gurun Kawu ya fara cizo na, gumi yana bin layu yana sauka har cikin takalmi.

Bature ya buɗe akwati a kan tebur ya kira mu, ni da sajen Wurno da sajen Goronyo, wani dogo mai suna Labbo. Bindiga ta farko libarba ce irin wadda muka sani, sai dai sabuwa fil. Ta biyu shafaffiya ce, ba ta da ganga mai juyawa, ta gindi ake zura mata harsashi. Baturen ya iya Hausa, ko da yake ta hanci take fita, kuma ya daɗe yana bayani. Ya ɗaga wannan, ya juya waccan, ya nuna wani abu da babban yatsa, ya sake nunawa. Saje Labbo sai tambaya yake jerowa, ni kuwa ina ce wa raina neman suna ne. Idona yana kan tebur, kaina yana gyaɗawa, amma duk addu'ar da na sani ita nake karantowa a zuci, idan na kai ƙarshe in koma farko. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba.

Ina fatan a fara da manya in ga yadda ake yi. Sai na ji Bature ya ce tun da Rabah ce ke neman saje, da Rabah za a fara. Ya ɗura wa shafaffiyar nan harsashi, ya ja wani abu ya saki, ya sa mini ita a hannu, ya nuna mini inda zan tsaya, ya koma inuwa wurin hakimai.

Na ɗaga hannu. Na auna tukwanen. Na yi bisimilla, na kau da fuska, na ja kunamar bindigar.

Ba ta motsa ba.

Na sake ja a hankali. Kamar an kafe ta da ƙusa. A nan maganar Kawu ta faɗo mini. Gurun ya yi aiki. Na ɗaure bindigar Gwamna a gaban hakimai uku da mutanen Wurno. Idan na matsa, baya za ta ci, in koma gona kusa da Saje Bawa. Idan ban matsa ba, na ba hakimina kunya. Idan kuma aka gane ni na lalata ta, ni da nake raka fursuna Sakkwato ni za a raka.

Daga inuwa Bature ya ce, "Kofur, harba mana."

Jama'a suka fara gunaguni. Na ji shi yana ce wa hakimai idan sabuwar bindiga ta cije tun ba a fara ba, to ba ta da amfani a ƙasar nan. Sai tausayin bindigar ma ya kama ni, za a yi mata sharri alhali ni ne mai laifi. Na sunkuya na ajiye ta a ƙasa kamar ƙwai, na juya na durƙusa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, bindiga ba ta da laihi. Ni niɗ ɗaure ta."

Bature ya taso yana dubana. Ya tambaye ni da me na ɗaure ta, tun da bai ga igiya ba. Na ce a yi mini haƙuri kaɗan, yanzu zan kwance ta.

To, guru ba ya fita sai an cire bel, kuma layu ba sa fita sai an tuɓe taguwa. Na cire dara na ajiye. Na cire bel. Na tuɓe taguwa. Na kwance guru na jefa gabana, na zare kambu, na bi layun nan ɗaya bayan ɗaya, ta Gwaggo, ta surukina, ta maƙwabci, ina tara su a kan gurun. Ƙahon gada kuwa a mazagin wando na ƙulle shi, don haka sai da na kwance mazagin, na riƙe wando da hannun hagu. Na saci kallon hakimina, na ga ya ja amawali ya rufe har hancinsa. Saje Labbo ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, yanzu ta kwantu."

Bature ya ɗauki bindigar ya juya ta. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefenta, bai fi ƙwayar wake ba, ya tura shi ƙasa da babban yatsa, ya yi ƙas. Ya ce wannan sakata ce, an yi ta don kada bindiga ta tashi da kanta, kuma a duk bayanin da ya yi ita ya fi daɗewa yana nunawa. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Miƙo mini ita kawai ya yi, ya ce in harba.

Yanzu fa ga ni tsaye babu riga, babu tsari, hannu ɗaya a wando, ɗaya riƙe da abin da na fi tsoro a duniya. Na runtse ido na ja. Ta tashi da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Da na buɗe ido na fara duba yatsuna, suna nan cif. Tukwane ma suna nan, babu wadda ta ko girgiza. Hannuna ne ya yi ƙasa, harsashin ya sami gurun Kawu a tsakiya ya farke shi, garin saiwa da gashin bunsuru suka tashi sama suna sauka a kan takalmin Bature.

Wani tsoho a cikin 'yan kallo ne ya fara dariya, daga nan wurin ya ɓarke. Har dogaran hakimai sai da suka juya baya.

Bayan na mayar da kayana, sajen Wurno da Saje Labbo suka harba duka biyun, suka farfasa tukwane. Labbo ya ce shafaffiyar ta fi, ba ta da nauyi kuma ta fi cin harsashi, na Wurno ya goyi bayansa. Bature ya saurare su, sannan ya ce libarba za a raba, don ita ba ta da sakata. Ya ce ranar da ɓarawo ya fito da baka daga bayan kalgo, kowane ɗan doka yana iya zama kamar wannan kofur, kuma bindigar da sai an tuna da wani abu kafin ta tashi ba ta ranar tsoro ba ce. Ya ce a duk gwajin da aka yi, nawa ne ya fi yi masa amfani. (Har Labbo ya bar aiki bai yafe mini wannan ba.)

A hanyar komawa, sai da muka hango Rabah sannan hakimi ya waiwayo ni. Ya ja linzami, ya jira na matso.

Ya ce, "Kofur, da ka hwaɗa min tsoro kaka ji, da ni da kaina na kai ka ga Bawa shi koya maka. Tsoro ba abin ɓoyo ba na. Ni ma da tat tashi sai da rawanina yam motsa."

Wannan maganar ta fi dariyar mutanen Wurno yi mini ciwo, don na ga ba fushi yake yi ba, baƙin ciki ne.

Kawu kam ko a jikinsa. Da na kai masa gurunsa a farke, ya juya shi ya ce, "To mi kaka so kuma? Da farko ta ƙi tashi, da tat tashi shi yaj janye harsashin. Da ƙahwarka ta."

Kafin damina ta faɗi aka turo mana saje daga Sakkwato, bai san gidan kowa ba, kamar yadda hakimi ya ji tsoro. Ni na riƙa yi masa jagora unguwa-unguwa ina ba mutane haƙuri a bayansa, ina sara masa safe da yamma, sabuwar libarbar da aka zaɓa saboda ni tana lilo a ƙugunsa. Da igiyata ta kofur na yi ritaya.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Idan ana bayani, a buɗe kunne, addu'a ba ta guduwa. Idan kuma abu ya ƙi tashi a hannunka, ka tambayi mai shi tukuna kafin ka fara tuɓe riga.