Gayyar da Na Kira a Fadamar Katuzu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka kafa dogon ƙarfen waya a Gashua, lokacin da kowane saurayi yake yawo da salula a hannu kamar an naɗa shi sarauta. A shekarar ce na kira gayya, na kuma gane ashe kowa ya san gari ya canza, ni kaɗai ne ba a gaya wa ba.

Ni manomin shinkafa ne a Katuzu. Da rani nakan tafi Nguru in yi aikin ɗaurin bandar kifi a kasuwa, da yamma in shiga ajin yaƙi da jahilci (da furfurata, ina riƙe da fensir kamar na riƙe fartanya). Malaminmu, Malam Bukar, mutum ne mai son hira. Wata rana ya ce mana aikin gayya ya mutu, yanzu kowa sai dai ya aiko da saƙo. Na ɗaga hannu.

"Malam, a Nguru dai ya mutu. A garinmu in aka buga ganga, har mai zazzaɓi sai ya fito."

Ya yi murmushi. "To mutumin Katuzu, ranar da za a buga ka kira ni in gani."

Abin da ke gabana ba wasa ba ne. Kacala, doguwar ciyawar nan da ta mamaye fadama, ta toshe hanyar ruwan da ke bin gonakinmu. In ba a sare ta ba kafin kogi ya kawo, ruwa ba zai sami hanya ba, sai ya malala ya kwanta a gonakin da ke ƙasa. Tawa ce ta ƙarshe a gangaren. Zamanin mahaifina kafin azahar ake gama wannan aikin.

A al'adarmu mai kiran gayya yakan bi gida-gida da goro. Wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari. Wanda ba zai zo ba sai ya mayar maka, ya faɗi uzurinsa. Na zaga unguwa, ba wanda ya mayar mini ko ɓari. Na dawo gida ina tafiya kamar hakimi.

Matata Yagana ta ce, "Malam, mutanen yanzu fa suna karɓar goro ne don goro ne."

Na ce, "Ke dai ki aro manyan tukwane."

Aka yanka bunsurunta da take kiwo tun bara. Na je wurin Baba Gambo makaɗi, ya sauko da gangarsa daga rataye, ɓera ya ci fatar, ya zauna ya sake mata sabuwa yana ta murna.

Ranar aiki Malam Bukar ya sauka daga a-kori-kura tun da hantsi, da ’yan ajinmu biyu (ni na ce ya taho da su, don a sami shaidu). Baba Gambo ya saki kiɗa a bakin ruwa. Muka jira. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya san ni da shi, na ce musu mutanenmu sai sun karya kumallo. Can sai ga Kawu Maina yana dogara sanda, da laujensa a kafaɗa, mutumin da idonsa ma ba ya gani sosai. Bayansa ba kowa.

Rana ta ɗaga sai muka ji ƙarar babur. Modu ne, ɗan yayana, magidanci mai ’ya’ya uku, ɗan acaɓa. Ya sauke jaka biyu ta ruwan leda.

"Kawu, Alhaji Sani mai shago yana gaishe ka. Ya ce ga gudummawarsa."

Na dubi ruwan leda, na dubi fadama cike da ruwa. Na ce, "Madalla. Kai kuma kafe babur ɗin ka sauko."

"Kawu, fasinja na jirana a Gashua."

"Ka ci gorona, Modu."

"Na ci, Kawu. Shi ya sa ban karɓi ko sisi ba a wannan aiken."

Yana rufe baki wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙo mini, wai shugaban ƙungiyar ci gaban gari ne. Ban taɓa kara waya a kunne ba sai ranar. Muryar ta ce, "Baba, mun kai maganar sama, za a turo inji. Don Allah kada ku taɓa ciyawar. In masu dubawa suka zo suka tarar an share, cewa za su yi ba mu da matsala."

Malam Bukar yana kallon ƙasa. Da ya yi dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Zuciya ta ɗebe ni. Na tuɓe riga, na ɗauki adda, na ce da Baba Gambo, "Buga mini taken babana." Na faɗa ruwa ina sara. Na manta shekarun da kacala ta yi tana tara laka a ƙarƙashinta. Taku kaɗan na yi ƙafata ta nutse har gwiwa, na yunƙura ta kai cinya, na sake yunƙurawa ruwa ya zo mini ƙirji. Baba Gambo ya zaci jarumta ce, ya ƙara wa ganga wuta yana kirari. Kawu Maina yana tambaya, "An yi nisa ne?"

Modu ne ya buga waya cikin gari ya ce kawunsa ya nutse. Jama'ar da ganga ta kasa tarawa tun safe, waya ta tara su kafin a nemo doguwar gorar da za a ja ni. Ga samari, ga magidanta, duk waɗanda suka tauna gorona, sun jeru a bakin ruwa da fararen kaya suna ba da shawara.

Malam Bukar ne ya cire takalmi ya shigo, ya miƙo mini gorar, ’yan ajinmu suka ja. Na fito. Wandona bai fito ba, laka ta riƙe shi. Daidai lokacin mata suka iso da tukwanen tuwo a ka, Yagana ce a gaba. Ta dube ni sau ɗaya, ta sauke tukunya, ta kwance mayafinta ta miƙo mini.

Aka zauna aka ci tuwo, tunda an taru. Kowa ya yi mini sannu da bakinsa mai maiƙo. Ba wanda ya taɓa lauje.

Injin bai zo ba. Kogi ya zo. Da na koma aji da rani, Malam Bukar bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban ƙara ɗaga hannu ba sai in baƙi ya shige mini duhu. Yanzu in na miƙa wa mutum goro, nakan tambaye shi tun bai tauna ba: da kanka za ka zo, ko aikowa za ka yi?

Abin da ya tafi ke nan: bunsurun Yagana, tuwo tukunya uku, goro ƙwarya guda, adda, wando, da shinkafar shekara. Baba Gambo ya mayar da gangarsa rataye, bai sake sauko da ita ba har ya rasu. Ruwan leda ne kawai na koma gida da shi.