Iya Fanta a Jar Mota

"...lafiya lau, sai kewar miji. A ina ka kwana, maigida? Tun asuba nake zuba ido, ko ƙeyarka ban gani ba, balle cefane."

"Na kwana inda ake da haƙora, tsohuwa. Ina gajiya?"

"Gajiya tana nan. Wadda ta auri yaro ai ba ta rabuwa da ita."

A haka na same su a tsakar gidansu a Fagge, wata safiyar Asabar cikin 1956, ban daɗe da dawowa daga Ingila ba inda na yi karatun safiyo. Iya Fanta kakar Hadi ce ta wajen uba. Ni kuwa kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa Asama'u. Hadi yana da shekara goma sha bakwai. A bara mahaifinsa Dabo ya rasu, lorinsa ta gyaɗa ta kife da shi a hanyar Zariya, shi ke tuƙi da kansa. Da aka raba gado aka damƙa wa Hadi nasa, sai ya ɗora ido kan wata jar mota buɗaɗɗiya mai kujera biyu, wadda wani Bature ya bari a garejin Ambrose a Sabon Gari da zai koma ƙasarsu.

Hadi ɗan fari ne, don haka yayata ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. Ni ta samu a bayan ɗaki ta ce, "Ka yi wa yaron nan magana." Na yi. Na faɗa masa irin waɗannan motoci da na gani a can, da irin samarin da na ga sun hau su. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Kawu." Washegari ya aiko a tambaye ni ko zan raka shi ɗauko ta.

"Ina za ka da wannan riga mai sitaci?" in ji Iya Fanta tana duban Hadi.

"Zan je ɗauko abin da zai kai ni Zariya kafin ki gama cin goro guda."

"Ni goro guda wuni nake yi da shi. Jaki ma ya kai ka."

"Ke dai zauna ki ji labari."

"Ba a yi mijin da zai sayi abin hawa matarsa tana jin labari ba. Miƙo mini sandata."

"Sabon Gari fa za mu. In kin faɗi a hanya ba ɗaukar ki zan yi ba, cewa zan yi ban san ki ba."

"Ni da na san ka tun ba ka san wando ba? Wuce mu je."

Ta yafa mayafinta muka fita. Na ga labulen ɗakin Asama'u ya motsa, amma ba ta leƙo ba.

Muka bi ta bakin masu ɗinki muka tsallaka Sabon Gari, tsohuwa na dogara sanda, Hadi na gaba yana waiwaye. Garejin wani fili ne da aka kewaye da kwanon rufi. Ambrose ya fito yana goge hannu da tsumma, ya rusuna ya gaida ta, ya sa aka kawo mata benci. Ba ta zauna ba. Motar na ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ja wur, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Gaskiya ni ma ta yi mini kyau.

Iya Fanta ta kewaye ta sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa taya da sanda.

"Ina rufinta?"

"Ninke shi ake yi a baya."

"Bature ya tafi da murfi ya bar maka tukunya."

"Haka ake yayi, tsohuwa. Ke zamanin raƙumi kika sani."

"Raƙumi ya kai ni Maka ya dawo da ni. Wannan buhun gyaɗa nawa take ɗauka?"

"Ba ta gyaɗa ba ce."

"Mutum nawa?"

"Biyu."

"To ta mece ce?"

"Ta gudu."

"Wa ya biyo ka?"

Ambrose ya juya baya yana tari. Hadi ya shafa gaban motar da tafin hannu.

"Ba wanda ya biyo ni. Ni zan bar su a baya."

"Kowa ya hau motar kwaɗayi, ka san tashar da yake sauka."

"Kowa ya tsaya jiran tsohuwa kuma, a hanya zai kwana."

"Gemu ko ƙwaya uku babu, sai baki. Kai mai gareji, faɗa mini, lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau take, Mama," in ji Ambrose. "Ni na duba ta da hannuna. In an taka, tafiya take yi, ba ta gardama."

"Kin ji ko?" in ji Hadi. "Kuma tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake juya lori a tasha. Kyan ɗa ya gaji ubansa."

Na ga shi kansa ya ji abin da ya fita daga bakinsa. Iya Fanta ta dube shi, ta daɗe tana duban sa. Na zaci za ta juya ta tafi gida. Sai ta miƙa wa Ambrose sandarta, ta tattare zane, ta ce a buɗe mata ƙofa.

"Me za ki yi?"

"Amarya za ta ɗana. Ko ka taɓa jin an kai lefe ba a gwada ba?"

"Za ki ɓata mini kujera da warin man shanu."

"Shiga ka ja, direba."

A bayan kujerun akwai wani ɗan gurbi inda ake ajiye akwati. Nan na ƙudundune, gwiwoyina a haɓa, na riƙe hulata. Na so in ga ƙarshen abin. A can inda na yi karatu ban taɓa ganin tsohuwa da jikanta suna zagin juna don ƙauna ba, har na soma mantawa cewa akwai maganar da ba ta shiga kunnen yaro sai ta wannan ƙofa.

Hadi ya tada mota. Ƙararta ta sa kajin garejin suka watse. Muka fita, ya bi da mu hanyar filin jirgi, inda kwalta take miƙe sambal ba jama'a sosai. Yana tafiya a hankali, hannu biyu a sitiyari, yana kauce wa kowane rami.

"Mun tashi ne, ko har yanzu muna gareji?"

"Muna tafiya."

"Ga mai keke can ya wuce mu. Ka gaishe shi."

"Injin ne bai yi zafi ba."

"Ga wata mai tallan nono tana neman kamo mu. In ta iso ka saya mini, tunda ba abin da ka taɓa saya mini."

"Ki yi shiru, kina raba mini hankali."

"An ce mini ta gudu ce. Na bar gida, na bar tukunyata a wuta, don in ga gudu. Taka, maigida."

Ya ɗan ƙara kaɗan. Iska ta ɗaga gefen mayafinta, ta sa hannu ta danne. Nan take ya sassauta.

"Me ya faru?"

"Ba komai."

"Taka mana. Yadda za ka taka gobe in ba na nan, haka nake so. Kada ka cuce ni, ka ba ni na baƙi ka ɓoye na gida."

"Ba zan taka ba."

"Don me?"

"Kina ciki."

"To, sai me?"

"In wani abu ya faru fa?"

"Me zai faru? Ai ka ce ka iya."

Muka wuce wasu mata masu itace a ka, suka tsaya suna kallon tsohuwa a motar Bature. Iya Fanta ta gyara zama. Da ta sake magana muryarta ba ta canza ba, irin ta zolayar dai, sai dai ta yi ƙasa, har sai da na matso da kaina.

"Ikon Allah. Ni da ƙafata ɗaya tana kabari, ƙasusuwana duk sun zama kara, likkafanina na cikin adaka tun shekaran bara, ni kake tattali. Kai kuma da ko aure na gaskiya ba ka yi ba, kai ne na zubarwa. Wane irin ɗan kasuwa ne wannan? Ya killace buhun ƙaiƙayi, ya bar na gero a bakin hanya."

"Iya..."

"Yau kuma Iya ce? Ɗazu tsohuwa. Ka ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ka gaje shi. Ga hancinsa nan a fuskarka, ga taurin kansa, ga hannunsa a kan wannan abu. Shi ma ya iya. Duk tashar nan ba wanda ya kai shi. Ranar da aka kawo shi, ba a bar ni na buɗe fuskarsa ba."

Motar ta ƙara yin sanyi. Hadi yana kallon hanya, ba ya ƙiftawa.

"Ni dai na yi kukana, kowa ya ji. Amma akwai wata a gidan nan da ko sunanka ba ta iya kira. In aka kawo ka, kunya ba za ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ta shiga ɗaki ta cusa zane a baki. Ni za a bar wa nawa da nata. Ni kuwa na yi sau ɗaya, ban da sauran."

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Injin na ta ƙugi a ƙarƙashinmu. Wani jirgi ya taso daga filin ya bi ta kanmu, muka jira ƙararsa ta wuce.

"Ban hana ka ba fa," in ji ta. "Ni wace ce? Mata ba ta hana miji. Dukiyarka ce, saya. Sharaɗina ɗaya ne, wannan kujera tawa ce. Kasuwa, masallaci, zance wurin 'yammata, duk inda za ka, da ni. In ka fita ba ni, na kai ka gaban alƙali."

"Haka zan yi ta yawo da ke a gari kamar mai tallan tsohuwa?"

"Haka. Ka yi haƙuri, ba daɗewa za a yi ba. Ran da aka kai ni, ka dawo daga maƙabarta ka taka yadda kake so."

"Ke ba mutuwa za ki yi ba." Ya juyo ya dube ta. "Kin ga bayan kakana, kin ga bayan duk sa'o'inki. Mala'ikan mutuwa ma tsoron bakinki yake ji."

"To ka shiga uku, ka sayi motar gudu ka tsufa kana bin bayan masu keke."

Ya sunkuyar da kai kan sitiyari. Kafaɗunsa suka motsa, ban iya gane ko dariya ce ko wani abu ba, kuma ban leƙa ba. Can ya ɗago, ya goge fuska da hannun rigarsa mai sitaci, ya juya motar.

A gareji ya kashe injin ya fito. Iya Fanta ta yunƙura ta kasa tashi, kujerar ta yi ƙasa da yawa. Ta sake yunƙurawa.

"Tsaya nan kana kallo na. Zo ka ciro matarka daga rijiya."

Ya sa hannu biyu ya ɗago ta cak, ya tsayar da ita, ya karɓo sandarta ya ba ta. Ni ma na fito ina miƙe ƙafafuna da suka sage. Sannan ya zare makullin ya miƙa wa Ambrose.

"Riƙe kayanka, maigida. Ka yi haƙuri da wahalar da muka ba ka. Matata ta ce ba ta yi mata ba."

"Kada ka yi mini sharri," in ji Iya Fanta. "Ni ina son ta. Ja ce, ta dace da ni. Direban ne matsoraci."

Hadi ya yi dariya, wannan karon ta gaske, har ya dafa motar.

"Kin ci, tsohuwa."

"Tun ba a haife ka ba nake ci."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro dabino, ta danƙa masa a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai.

"Ungo ladan tuƙi. Kada ka ce ban taɓa biyan ka ba."

Muka kamo hanyar Fagge a ƙasa, rana ta soma zafi. Hadi ya riƙe mata gwiwar hannu, ni ina biye da su. Ba mu yi nisa ba ta tsaya, ta buga sanda a ƙasa.

"Ka cika sauri, maigida."

Ya rage.