Hambali Mai Kunyar Ɗan Fari

Duk majalisarmu babu wanda ya kai Hambali tela cika baki a kan kunyar ɗan fari. Tun matarsa Rakiya na da ciki yake damunmu da wa'azi, wai mazan yanzu sun lalace, sai ka ga ƙato da gemu ya saɓa ɗansa na fari a kafaɗa yana yawo gaban manya, ko a jikinsa. Da aka haifa masa namiji kuwa, sai abin ya zama ciwo. Ko sunan yaron ba ya faɗa, sai dai "ɗan mutanen nan." Da yake Rakiya ba ta je wankan gida ba, gwaggonsa Tabawa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, ita ta zo daga ƙauye kula da mai jego. Duk wanda ya shigo barka sai ta ba shi labarin cewa kaf zuriyarsu Hambali kaɗai ya rage mai kunya. Wannan yabo ya fi masa keken ɗinkinsa daraja. Ni kam tausayi yake ba ni, don na san son yaron na cin sa a rai.

Wata safiya Gwaggo ta ja Rakiya bayi da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, aka bar jariri a ɗaki. Can ya tsanyare da kuka. Hambali ya leƙa tsakar gida, ya ga ba kowa, ya faɗa ɗakin wuf. Yana kwance famfas ya ga aiki ja. Mutumin da ke yanka shadda ido rufe, sai ga shi ya rasa ta inda zai fara. Ya goge nan, can ya ɓaci. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar ta tsoma ciki. Ya ɗauko sabon famfas ya sa gaba a baya, ya ja mannin da ƙarfi ya tsinke, ƙarshe ya zare tef ɗin awo daga wuyansa ya ɗaure ƙugun yaron da shi. Duk wannan bidiri yana yi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, yana kiran yaron babansa, sarkin gida.

Sai ga takun Gwaggo, ta dawo ɗaukar zanin da Rakiya za ta ɗaura. Hambali ya yi tsalle ɗaya ya dira kan kujera, ya juya wa gado baya, ya kara rediyo a kunne. Ko kunna ta bai yi ba.

Gwaggo ta dubi yaron, ta dubi tef ɗin, ta tambayi wanda ya yi wannan ɗauri. Hambali ya ce shi bai ma san da mutum a kan gadon ba, labarai ya shigo ji. Ta ce to tef ɗin fa? Ya ce ai tun jiya yake nemansa, ashe yaran maƙwabta ne suka ɗauka. Ta gyaɗa kai, ta matso kusa da shi tana kallon hannun da ke riƙe da rediyo.

"Hambali, mene ne wannan rawaya-rawaya a bayan hannunka?"

Idonsa ya sauka kan ƙwaryar mai jego da ke gefen gado. Ya yi murmushin wanda ya sami mafita.

"Kunun kanwa ne, Gwaggo. Ɗanɗanawa na yi, in ji ko kanwar ta ji."

Gwaggo ta gyara tsayuwa, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"To lashe abinka, ɗana, ina kallo. Ka san a gidanmu ba a wulaƙanta abinci."