Sabuwar Hitata da Hukuncin Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shirga wa surukata ƙarya ba, daga ni sai kumfar sabulu, haƙorana suna kaɗawa kamar za su zube. Har yau in na ji ruwa yana gudu a rariya sai kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Bari in faro daga tushe. Ni ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a nan Tambuwal, kuma ina da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis: duk abin da na gani da maɓalli da 'yar fitila mai ƙyaftawa, sai in ji rayuwata ba ta cika ba sai na mallake shi. Matata Luba 'yar Kebbe ce. A haihuwarta ta fari mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, ta zo ta tafi da ita gida wankan jego, kamar yadda aka saba. Aka ce mini kwana arba'in. Ashe lissafin Kebbe daban yake da na sauran duniya, don sai da wata na huɗu ya kama sannan aka dawo mini da iyalina. A tsakanin nan na ci taliya da ƙwai wurin mai shayi har ya ware mini gefen benci, na ƙona tukwane biyu, na rame har wandona ya fara sauka ba da izinina ba. Kuma maganar gaskiya, kewa ta ci ni. Gidan ya yi mini faɗi, in na dawo aiki ba mai ce mini sannu da zuwa sai ƙadangarun katanga.

Saboda haka da Luba ta sami ciki na biyu, na ƙudura a raina cewa bana ba inda za ta. Na tambaye ta wace hujja Inna za ta kawo. Ta ce hujja ɗaya ce, ruwan zafi. A Kebbe akwai itace, akwai babbar tukunya, akwai masu hura wuta safe da yamma. A gidana kuwa abin da muke da shi wata tsohuwar hita ce ta dafa ruwan wanka da lantarki, mai tanki, da muka gada daga wanda ya zauna gidan kafin mu. Ta tsufa har ruwanta ya koma ja kamar shayi, kuma wani lokaci in ka taɓa famfo sai ta gaishe ka har kafaɗa. Ana cikin haka ma ta mutu murus. Dole a sauya ta, ni kuma na ga dama ta samu.

Na shiga mota na nufi Sakkwato. Mai shagon ya nuna mini iri biyu. Ɗaya mai tanki ce irin tsohuwarmu, ƙatuwa, ba fasali, sai ka ce an rataye ganga a bango. Ya ce tana ɗaukar lokaci kafin ta dafa ruwan, amma in ya yi zafi tana riƙe shi ko an ɗauke wuta. Ɗayar marar tanki ce, 'yar siririya fara tas, da gilashi a gaba inda lambobi ke haskawa. Ya ce ita ba ta ajiye ruwa, yana ratsa ta ne yana fitowa da zafi nan take, kuma ba ya ƙarewa ko unguwa guda za ta yi wanka. Ya ƙara wata magana a ƙarshe, wai tana son wuta mai ƙarfi a daidai lokacin da ake wankan. (Allah ya sani ya faɗa. Ni ne dai a lokacin yatsana yana kan maɓalli, kunnena kuma yana hutu.)

Da na kwance kwalin a gida, Luba ta zagaya ta, hannu a ƙugu.

"Malam, in anka kawo wutar nan tamu mai kama da aci-balbal fa?"

Na yi irin murmushin da maza ke yi in an yi musu tambayar da ba su da amsarta. Na ce mata ta bar wa masu ilimin abin su ji da shi.

Aka kafa ta. Ranar gwaji kuwa wuta ta zo da ƙarfinta, ruwa ya sauko yana tururi har madubi ya rufe. Daɗi ya kwashe ni. Ni da ko gaisuwa nake yi da Inna kaina a ƙasa, ranar sai ga ni na karɓi waya daga hannun Luba ina cewa, "Inna, bana an hutar da ku itace da hayaƙi. Ruwan zafi daga bango shika fitowa."

Ta ce, "Daga bango. To, madalla. Ina nan tafe in gani da idona."

Ta iso wata ranar Juma'a da yamma, a tsakiyar ɗari, irin sanyin da ke sa mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin alwalar asuba. Cikin Luba ya shiga watansa. Ba wuta a gari ranar, don haka bayan an ci tuwo Inna ta yanke magana a gabana, tana duban ɗiyarta kamar da ita kaɗai take.

"In nig ga ruwa mai tururi ya fito ga bangon nan, in bar ki ɗakinki. In ban gani ba, jibi muna cikin mota."

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na yi tsalle kamar an ce an ƙara albashi. Na lura ƙwan fitilar falo ya yi ja kamar garwashi, fanka kuma tana juyawa kamar mai jin barci, amma na kawar da kai. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fara sauka, jikin bangon banɗaki, tana jan carbi. Na ce bari in fara shiga in daidaita na'urar, kada zafin ya yi musu yawa. (Ka ji fa. Kada zafin ya yi musu yawa.)

Na shiga na tuɓe, na danna maɓalli. Lambobi suka haska, suka ƙyafta, suka yi kamar suna tunani. Na tsaya ƙarƙashin shawa da sabulu a hannu, na murɗa famfo da ƙarfin zuciya.

Jama'a, ruwan nan a tankin da ke saman rufin gida ya kwana, yana shan sanyin dare. Da ya sauka a tsakiyar kaina sai na ji kamar an buga mini ƙusa. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

"Lafiya, Malam?" in ji Inna daga waje.

Ga ƙofar tsira nan a buɗe. Da na ce wuta ce ba ta da ƙarfi, a jira anjima, da an wuce wurin. Amma sai na hango motar Kebbe, na hango bencin mai shayi, bakina ya riga hankalina.

"Lafiya lau, Inna! Zafi ne ya yi yawa!"

Daga nan kuma ba komawa baya. Na ce a raina wutar za ta ƙaru yanzu, in dai na daure. Na ci gaba da tsayuwa ina goga sabulun da ya ƙi kumfa da daɗi, ina rawa a wuri ɗaya, ina ta sharhi da ƙarfi don mutanen waje. "Wash! Kai, wanga ruwa sai ya saɓule fata!" Na ƙwala wa Luba kira na ce in za ta shiga lalle sai ta surka. Har ɗage na yi na kai bakina 'yar tagar banɗakin ina huci, haa, haa, ko Allah zai sa numfashina ya yi kama da tururi. Mutum mai iyali, mai teburi a ofis.

Abin da na manta shi ne ginin gidanmu irin na da ne. Ruwan wanka ta wata kafa yake fita a gindin bango, ya bi rariya a fili ta gefen tsakar gida kafin ya fice waje. Rariyar nan kuwa ta gaban tabarmar Inna ta wuce.

Sai na ji muryarta, a natse, ba ko alamar dariya.

"Malam, fito haka nan kar ka dahu. Ruwan naka mai zafi ga shi nan ya biyo rariya. Na tsoma yatsa, har yanzu ban jin shi."

Daga kicin na jiyo Luba ta fashe da dariya, tana cewa wayyo cikinta, a taimake ta. Ni kuwa na kashe famfo na tsaya ina kallon tagar nan, ina auna ko kafaɗuna za su wuce. Ba za su wuce ba. Haka na zura jallabiya a bai-bai na fito, leɓuna sun yi fari, gwiwoyina suna gaisawa da juna. Na durƙusa gabanta don ban san abin da zan yi ba kuma.

"Inna, wu-wutar ce..."

"Na sani. Tun da nig ga ƙwan fitila nis sani. So nikai in ga iyakar gudunka."

Kafin la'asar mura ta rufe ni, zazzaɓi ya biyo baya. Inna ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta aron babbar tukunya, kuma da aka tambaye ta ko Luba ce ta sauka, ba ta ɓoye komai ba. Ta katanga nake jiyo bayanin, dalla-dalla, har da kwaikwayon muryata. Ta dawo ta kafa murhu a tsakar gidana, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta sa aka lulluɓe ni da bargo na yi sirace. Sauran ruwan aka juye mini a bokiti, aka haɗa ni da damin ganye aka ce in je in fyaɗa a jiki. Da na fito aka miƙo mini kunun kanwa a kwano. Wato a gidan nan, tun mai cikin ba ta haihu ba, ni aka fara yi wa wankan jego. Luba ta leƙo tana share hawayen dariya ta ce, "Sannu mai jego, ya ƙarfin jiki?"

Ina kwance a falo bayan magariba, na gama sallamawa cewa gobe gidan zai koma kango, sai na ji Inna tana magana da ɗiyarta a bakin ƙofa, da muryar da aka yi don in ji.

"Mutumin da at tsaye cikin ruwan ƙanƙara yana kururuwar zafi don kar a tafi da ke, in nit tafi da ke mi za shi aikatawa? Ba ni ɗaukar alhaki. Ki zauna ɗakinki. Ni ka zama nan."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da Luba ta shigo ta gani na ce murar ce.

To, Luba ba ta je Kebbe ba, Kebbe ce ta tare a gidana. Bayan mako guda aka sami namiji. Inna ta karɓe ɗaki, ni na koma kujerar falo, kuma kullum da asuba ni ne mai faskare da hura wuta, ni da na yi alkawarin hutar da mutane itace da hayaƙi. Arba'in ɗin ma da lissafin Kebbe aka yi ta. Labari kuwa ya riga ni zuwa ofis, har yau akwai masu gaishe ni da "ina mai jego" a gaban baƙi. Amma kullum na dawo aiki akwai mai ce mini sannu da zuwa, kuma mai shayi bai sake ganina ba.

Daga baya na koma Sakkwato na sayo mai tankin, mummunar nan. Wannan karon hannuwana a aljihu na saurari mai shago har ya kai aya. 'Yar siririyar tana nan a bango, ban cire ta ba, tana aiki sosai duk ranar da wuta ta ga dama, galibi a tsakiyar bazara lokacin da ba mai neman ruwan zafi.

Abin da na koya shi ne, in za ka sayi kaya, ka sayi wanda ya san halin garinku. In kuma har ka rantse sai ka yi wa surukarka ƙarya daga banɗaki, to ka fara duba inda rariya ta nufa.