Rasuwar Kwamfutar Gidan Saje Ezekiel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro da ban taɓa furta wa kowa ba, ni Philemon nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a gidanmu da ke Zuru. Tsoron shi ne kada a binne ta tare da karatuna, domin tun gawar ba ta huce ba na ji ana raɗa a tsakar gida cewa yanzu Philemon zai yi hankali ya shiga soja kamar kowa.

Marigayiya ta zo hannuna a shekarar 2004 da tsufanta, bayan na kammala difloma a fannin shari'a. Ta kasance mai haƙuri, mai kamun kai, ba ta taɓa yanke hukunci kafin ta ji bahasi ba. Tare muka ɗauki aikin da nake fatan ya kai ni jami'a, wato koya wa na'ura yin tunani irin na alƙali. Da shari'ar golmo muka fara: idan saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukansa, aure kuma bai yiwu ba, wa zai biya guminsa? Na bi dattawa har Danko da Sakaba ina tambaya, ina dawowa ina ɗura mata. Ta kai tana yi wa mutum tambaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi ra'ayinta. Inda dattawa suka saɓa, takan ce ba ta sani ba, halin da ban cika gani a wurin masu rai ba.

Kowace safiya takan gaishe ni da "ƙit" guda ɗaya. A watan jiya gaisuwar ta koma "garrr, garrr", kamar mai tarin fuka. Mahaifina, Saje Ezekiel mai ritaya, ya yi imani cewa duk ƙarfen da ke kuka mai yake nema, don haka bindigarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ina kasuwa ya kwance bayanta, ya shafe ta da tsumma, ya ɗiga mata baƙin mai a kowace kafa, sannan ya kunna. Ta ce "fat", ta yi hayaƙi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Jinya ya yi mata irin wadda ya iya, kuma shi ne ya fara cire hula.

Ta rasu ta bar allon kallo, da madannai waɗanda harafi ɗaya ya daɗe da ficewa, da faifan filofi biyu na adana bayanai da mahaifiyata Mama Saloma ke ajiye mini a cikin kwalla. Ɗaya ya yi tsatsa. Ɗayan yana da rai, kuma aikinmu duka yana cikinsa.

Masu zuwa ta'aziyya da labarin ɗaukar sababbin sojoji, na gode, amma su bar shi a ƙofar gida. Ina girmama kaki, shi ya ciyar da ni. Wani malamin shari'a a Sakkwato ya yi alkawarin duba aikin nan, bai kuma ce sai da gawar ba.

Malam Lawwali mai gyaran rediyo zai yi mata wanka ranar Asabar, ya cire abin da zai amfani wasu. Za a yi jana'iza da yamma a gindin mangwaron bayan gida. Ba a buƙatar makoki. Bayan addu'a zan tsaya gaban mahaifina in faɗa da muryar da maƙwabta za su ji:

"Baba, ba zan shiga soja ba. Ranar Litinin zan hau motar Sakkwato."

Sanarwa daga Philemon Ezekiel, a madadin iyalan marigayiya.